Ɗigon Gwaiduwa A Kwalbar Adina

Shafi na 14

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana da jikokina. Ai tun ban zauna ba na jiyo "ta zo mu ji ta" daga kowace kusurwa. To ga ta ta zo. Wadda ta ɗora tukunya ta je ta rage wuta tukuna, ni ba zan ɗauki alhakin ƙaurin abincin kowa ba.

Mun tsaya ne a safiyar Asabar, ranar da Adina ke cika shekara tamanin a duniya. Ƙarfe huɗu na yamma za a taru a zauren coci a ci a sha. Ƙanwarta Luella kuwa, wadda shekara biyu ke nan ba su ce wa juna ko ci kanki ba, ta aika wa matan coci cewa kada wadda ta gasa kek, ita za ta kawo.

Da kek ɗin nan take so ta koma gidan yayarta. Ba ta da wata ƙofar.

Sai ga shi ƙwai ya ƙi tashi.

Minti ashirin injin bugu yana kuka a hannunta, farin ƙwan nan yana kwance a kwano kamar ruwan wanki. Kumfa ta ɗan taso, ta leƙa duniya, ta koma ta kwanta.

Luella ta kashe inji. Ta kunna. Ta sake kashewa.

Shekara arba'in da shida tana gasa kek ɗin mala'iku, wanda da kumfar farin ƙwai yake tashi, ta san halinsa sarai. Ba ya ga maciji da mai, ko da na yatsa ne. Kwano ta goge shi da lemon tsami. Maburgi ta wanke shi da tafasasshen ruwa. Ƙwan ta fito da shi tun asuba sanyinsa ya sake.

To me ya rage?

Kwalbar.

Tun suna amare suka raba ƙwan kajin Adina a tsakaninsu. Adina mai taliya ce, gwaiduwa take so. Luella mai kek ce, farin take so. Duk ranar Juma'a kwalba cike da farin ƙwai za ta iso bakin ƙofar Luella. Aka yi rasuwa, aka yi faɗa, aka daina gaisuwa, aka daina zama benci ɗaya a coci, amma kwalba ba ta taɓa yin fashi ba. Ita kaɗai ce igiyar da ba ta tsinke ba.

Luella ta ɗaga kwalbar saitin taga.

Can ƙasa, inda ɗan saura ya kwanta, ga wani siririn zare rawaya.

Gwaiduwa.

"A'a," ta ce a fili, ita kaɗai a kicin. "A'a, Yaya. Ba dai yau ba."

Ɗigo ɗaya ya isa ya kashe kwano guda, ko 'yar shekara goma a ƙauyen nan ta san haka. Adina kuwa ba ta taɓa wannan kuskuren ba. Ko sau ɗaya.

Ta ɗauki waya ta kira Irma, maƙwabciyar da ke kawo kwalbar 'yan watannin nan.

"Irma, kin buɗe kwalbar nan a hanya?"

"Ina kwana dai, Luella."

"Lafiya lau. Kin buɗe?"

"In buɗe in yi me da ita, in sha? Yadda ta miƙo min haka na dire miki."

"Da gwaiduwa a ciki."

"Kwalbar Adina?"

"To ta wa? Ni kaji gare ni?"

"Kwantar da hankalinki. Ina da ƙwan kanti a firji, yanzun nan in kawo miki."

"Ba ƙwai na rasa ba, Irma. Saƙo aka aiko min, na kuma karanta."

"Wane irin saƙo kuma, ke da ɗaukar zafi?"

"Ba ta son kek ɗina. Ni ɗin ma ba ta so."

"Haba Luella, ki dai tsaya ki..."

Ta kife waya.

Ta jawo gwangwanin gashin kek, mai bututu a tsakiya, na mahaifiyarsu, wanda tun da aka ƙera shi ba a taɓa shafa masa mai ba. Adina ce ta ba ta shi ranar aurenta. Ta sa shi a hammata, ta ɗauki kwalba. In dai yankewa za a yi, a yanke duka.

Mil guda ne tsakaninsu, kuma a ƙafa. Shekara uku da suka wuce ta je sabunta lasin tuƙi, aka tambaye ta ko takan ji jiri, ta ce takan ji, aka karɓe. Halin Luella ke nan. In ka tambaye ta gaskiya, ko kanta ba ta raga wa.

Alkama ta nuna dama da hagu, ana ta girbi. Tana tafe tana shirya maganar da za ta faɗa. Ta shirya, ta rushe. Ta sake shiryawa. Kafin ta kai akurkin kajin Adina ta yi faɗan nan sau uku, duka ukun ita ta yi nasara.

Ta tura ƙofar kicin ba ko gaisuwa.

Taliya a shanye a bayan kujeru. Adina na tsaye bakin tebur da wuƙa a hannu. Ta ɗago, ta dubi ƙofa.

"Irma, ke ce?"

"To! Har sunan nawa ma an goge ke nan."

Wuƙar ta tsaya.

"Luella."

"Ashe ana tunawa."

Ta dire gwangwani a tebur, ta dire kwalba a gefensa.

"Ga kayan Mama nan na dawo miki da shi. Ga kuma saƙonki, ya iso."

"Wane saƙo? Ke har yau ba ki daina faɗo wa mutane kamar guguwa ba?"

"In ba kya son kek ɗina ai baki gare ki. Sai ki zuba min gwaiduwa?"

"Gwaiduwa? A kwalbata?" Adina ta yi 'yar dariya ta hanci. "Yarinya, tun kina fitsarin kwance nake raba ƙwai."

"To ɗauki ki duba."

Adina ta miƙa hannu. Hannun ya wuce kwalbar ya sauka a kan gwangwani. Ta janye da sauri, ta laluba gefe, ta kama.

Ta ɗaga kwalbar. Amma ba ta dube ta gaba da gaba ba. Sai ta karkata kai, tana leƙen ta da wutsiyar ido, yadda kaza ke leƙen shaho.

"Tas take," in ji ta. "Babu komai a ciki."

Zaren nan rawaya kuwa yana lilo dab da hancinta.

Duk maganar da Luella ta shiryo a hanya ta zube.

Ta dubi taliyar da ke shanye. Adina da ke yanka ta siriri kamar gashi, yau ga wata kamar yatsa, wata kamar igiyar takalmi. Ta dubi kan firji, wasiƙu sun yi tsibi ba a buɗe ko ɗaya ba. Kalandar bango tana nan a watan Oktoba, alhali ana tsakiyar Yuni.

"Yaya."

"Mene ne kuma?"

"Wace irin riga ce a jikina?"

"Ina ruwana da rigarki."

"Yaya."

"Shuɗiyar nan taki ta fama mana. Kina da wata ne?"

"Koriya ce."

Kaza ɗaya tana ta kyarkyara a waje kamar an aike ta.

Adina ta laluba kujera ta zauna a kan taliyarta, ba ta ma sani ba.

"Tun yaushe?" in ji Luella.

"Tun kakar bara."

"Duka?"

"Tsakiyar komai ce ta tafi. Gefe-gefe ina gani. Yanzu haka ina ganin kafaɗunki, ina ganin ƙofa a bayanki. Inda fuskarki take kuwa hayaƙi ne." Ta taɓe baki. "Ba wata babbar asara ba ce, dama kullum a murtuke take."

Luella ba ta yi dariya ba.

"Ƙwan fa? Ta yaya kike rabawa?"

"A tafin hannu nake fasawa, farin ya bi ta tsakanin yatsu. In gwaiduwa ta fashe nakan ji. Jiya ban ji ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Sau uku na wanke kwalbar nan, Luella. Na san na wa za ki gasa. Irma ba ta iya riƙe magana."

"Likita fa?"

"Na je. Irma ta kai ni, a zatonta haƙori na je cirewa. Ya ce abin da ya tafi ya tafi."

"Shi ya sa kika daina kawo kwalba da kanki."

"Na ce wa kowa batirin mota ne ya mutu."

"Harlan ya sani?"

Adina ta miƙe zumbur, taliya manne a bayan siket.

"Bai sani ba, kuma ba zai sani ba."

Harlan shi ne ɗanta tilo, yana birni. Shi ne kuma tushen gabar nan. Lokacin da Waldo mijin Adina ya fara mantuwa, Adina ta rufe maganar ruf. Harlan ya zo ya tambayi Luella, Luella ta faɗa masa gaskiya. Aka ɗauki Waldo aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Wata huɗu ya yi a can, kullum da yamma yana tambayar wa ya rufe kaji, har Allah ya karɓi abinsa.

"Ko kin manta Waldo?" in ji Adina.

"Sau biyu ya bar murhun gas a kunne, Yaya."

"A gidansa ya bari! Da a gidansa zai mutu."

"Da ke a ciki."

"Da ni a ciki, sai me? Ke aka aura masa?"

"Tambayata aka yi."

"Kullum tambayarki ake yi! Duk garin nan an san tulunki ba shi da marfi." Ta laluba ta kamo hannun Luella, ta riƙe gam. "Yau zai zo. Ya fara shinshina, na ji a muryarsa. Kuma ke zai tambaya. In kika buɗe baki, kafin a gama girbin nan ina can kan gadon da Waldo ya mutu, an sayar da kajina."

"Kin san ba na ƙarya."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki cika bakinki da kek."

"In ya ce i ko a'a fa?"

"To ranar za ki zaɓa. Ko gaskiyarki ko yayarki."

Luella ta dubi agogo. Goma da rabi. Ta dubi ƙofa. Ta dubi gwangwanin Mama.

"Ina kwandon ƙwai?" ta ce.

"Ba ki amsa min ba."

"Kek ba ya jiran amsa. Ɓanɓare taliyar mutane daga siket ɗinki ki kunna murhu."

Sha uku Luella ta samo a akurki, wasu da ɗuminsu. Ta jera kwano uku: ɗaya na fasawa, ɗaya na gwaiduwa, ɗaya na farin da ya tsira. Ta buga na farkon a gefen kwano, ya kusa kufce mata.

"Na ji wannan," in ji Adina. "A gefen kwano kike bugawa? A kan tebur ake bugawa, sakarya, ɓawon ba ya shiga ciki."

"Makauniya ma sai ta koya min aiki."

"Kunne na nan ai."

Adina ta ɗauki rariya. Wannan ba ya son ido. Ta tankaɗe fulawa da rabin sukari, ta juye, ta sake, tana ƙirgawa a fili har sau biyar, kamar yadda Mama ke yi.

Luella ta sa ɗan gishiri da farar hodar tsami mai riƙe kumfa a cikin ƙwai, ta kunna inji. Ta kasa kallon kwanon. Ta dubi taga, ta dubi hanya, ta dubi agogo.

Da ta sunkuyo, kumfa ta hau.

Fara sol, tana sheƙi, tana cika kwano. Ta riƙa barbaɗa sukari cokali-cokali. Ta ɗaga maburgi, kumfar ta biyo shi ta yi tsini, kan tsinin ya ɗan rusuna.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Yaya."

"Kawo in taɓa." Ta murza tsakanin yatsu. "Saura kaɗan, ina jin sukari. Ke kullum gaggawa."

Wajen haɗa fulawa Luella ta miƙa mata faffaɗan cokali. Adina ta nutsa shi ƙasa, ta ɗago, ta kifa, ta juya kwano. A hankali, kamar mai juya jariri. Kumfa ko gezau.

Suka juye a gwangwani busasshe, don kek ɗin nan da bango yake kamawa ya hau. In ka shafa mai, santsi zai kwashe shi. Luella ta ratsa wuƙa a ciki ta kori iska, ta tura a murhu, ta rufe kamar mai rufe ɗakin mara lafiya.

"Kada ki buga ƙofa."

"Gidana ne, in na ga dama rawa zan taka."

Minti arba'in. Luella ta kasa zama. Ta share kicin, ta koma ta sake sharewa. Ta yage kalanda har zuwa Yuni. Ta ɗauki wasiƙun nan ta cusa a aljihun tebur, sai ta tsaya da hannu a kan marfin, don ta gane abin da take yi.

Ɓoyewa take yi.

"Na ji ki," in ji Adina a hankali. "Na gode."

"Kada ki gode. Shara nake yi."

Ƙanshi ya cika gida. Ta fito da shi ya yi ja-ja-ja, ya tsage a sama yadda ake so. Nan da nan ta kife gwangwanin, ta zura bututunsa a wuyan wata doguwar kwalba. Haka zai rataya kai a ƙasa har ya huce, in ba haka ba nauyinsa ya danne shi.

"Awa ɗaya da rabi," in ji Luella.

"Biyu."

"Ɗaya da rabi. Ba mu da biyu."

Suka zauna suna gadin kek. Duk motar da ta wuce sai Luella ta miƙe ta leƙa.

"Zauna, kina sa min jiri."

"Da me kike cin abinci?"

"Da baki."

"Wa ke karanta miki magani?"

"Na ɗaura wa na safe zare, na dare babu."

"In kika faɗi a matakala fa?"

"Ga shi nan! Kin fara. Haka kika fara da Waldo."

Luella ta mai da idonta kan kek.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta zagaya gefen gwangwani da siririyar wuƙa, ta girgiza. Kek ya sauko kan farantin gilashi, dogo, fari, ba nauyi kamar ka hura ya tashi. Ta dafa sukari har ya yi zare, ta tsiyaya a kan farin ƙwai biyu tana bugu, ya zama farin lulluɓi mai laushi. Ta shafe kek da shi, tana murɗa bayan cokali yana barin ƙananan tozaye.

"Sitiroberin lambu ya nuna," in ji Adina. "Na ji ƙanshinsa tun shekaranjiya."

Luella ta tsinko jajayen 'ya'yan cike da kwano, ta wanke, ta goge ɗaya-ɗaya.

"Ba ni nan. Ni zan jera."

"Za ki ɓata min..."

"Ranata ce ko taki?"

Ta kama hannun yayarta ta kai shi gindin faranti. Adina ta riƙa auna tazara da ɗan yatsa, tana dasawa, tana juya faranti. Zobe ya zagayo ya haɗu cif. A ramin tsakiya kuma suka zura ƙaramin kofi da ruwa, Luella ta cika shi da furannin bakin taga, ja da fari, kamar yadda Mama ke yi wa duk wadda ta ƙara shekara.

"Ya yi kyau?"

"Ya fi nawa na bara."

"Ƙarya kike."

"Kin taɓa ji na yi?"

Sai ƙarar mota a tsakar gida.

Harlan ne, da akori-kura shaƙe da kujerun coci. Jikokinsa biyu mata suka diro, Tessa da Junie, 'yan shekara shida da huɗu, suka ruga suka rungume ƙafafun Adina.

"Kaka! Kaka! Dubi haƙorina ya fita!"

"Iye! Lallai kin girma," in ji Adina, tana kallon saman kan yarinyar.

Harlan ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu. Ya dubi uwarsa. Ya dubi Luella. Ya dubi kek.

"Ikon Allah. Inna Luella a kicin ɗin Mama? Ko dai ɓatan hanya na yi?"

"Shigo ka rufe ƙofa, ƙuda," in ji Adina.

Ya gaishe su, ya sumbaci uwarsa a goshi, ya ce ya taho mata da sabon batir, bari ya ɗaura. Minti goma sai ga tsohuwar motar Adina tana tari a rumfa. Ya dawo yana goge hannu.

"Inna, ɗan zo mana. Ki ga wani abu."

Ta bi shi baranda. Tsakaninsu da kicin ƙofar raga ce kawai. Ta san Adina na ji.

"Inna, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Idon Mama lafiya?"

"Me ka gani?"

"Na aiko mata da hoton yaran nan, ta kira ni tana yaba furanni. Na ce ta karanta min lambar da ke jikin mita, ta ce tabaranta ya ɓata. Wata uku tabarau bai fito ba." Ya dafa aljihun rigarsa, takarda ta yi ƙara. "An ba ni ɗaki dominta a gidan da Baba ya zauna. Zuwa Litinin suke son amsa. Ba na so, Allah ya sani. Amma ba zan jira a kira ni a ce ta faɗa rijiya ba."

"Ka ga jan zoben nan da ke gindin kek? Ita ta jera shi da hannunta."

"Ba shi na tambaya ba."

"Ita ta haɗa fulawar ma."

"Inna." Ya matso. "Duk garin nan, in kika ce i, ba a neman shaida. Shi ya sa ban tambayi likita ba, ke na tambaya. Mama tana gani, i ko a'a?"

A kicin ƙarar cokula ta tsaya.

Luella ta dubi ƙofar raga. Shekara saba'in da shida ba ta taɓa ɗanɗana ƙarya ba, ba ta ma san ta inda ake fara ta ba. Ta tuna Waldo a bakin tagar can yana tambayar kaji.

"I," ta ce.

"Tana gani?"

"Tana gani. Tsufa ne kawai, da taurin kai."

Harlan ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka zube. Ya ciro takardar, ya yage ta biyu, ya cusa a aljihun wando.

"Kin sauke min dutse, Inna. Wata uku ba na barci."

Da ta koma kicin, Adina ta lalubo hannunta a ƙarƙashin tebur ta matse.

"Lulu," ta ce can ƙasa.

Tun suna 'yan mata rabon da ta kira ta haka. Luella ta ji idonta ya kawo ruwa. Ashe haka ƙarya take, da zaƙi a farkon cokali.

"To jama'a, uku ta wuce!" Harlan ya tafa hannu. "Ni sai na biya gonar su Irma na ɗauko tebura, in na loda su ba sauran wurin zama sai nawa. Mama, motarki ta tashi. Ki ɗauki yaran nan da Inna da kek ku yi gaba, mu haɗu a coci."

Luella ta waiga ta dubi Adina.

Mil shida ne zuwa coci. A tsakiya akwai mahaɗar babban titi, inda manyan motocin alkama ke wucewa yau ba ƙaƙƙautawa, ba sa tsaya wa kowa.

"A'a, ai... mu jira ka dawo," ta ce.

"In na dawo an gama walima. Ko akwai wata matsala ne?"

"Kek ɗin ne. Ba ya son girgiza."

"Shi ya sa na ce motar Mama. Tawa ai sai ta mai da shi kunu." Ya yi dariya. "Da kina da lasin, Inna, da ke na ba makulli. Mama, ga makulli."

Adina ta buɗe tafin hannu. Ya saka mata. Ta dunƙule.

"Ni ce a bayan Kaka!"

"A'a ni ce!"

Yaran suka ruga, ƙofofin mota suka buɗe suka rufe. Harlan ya ɗauki faranti ya ɗora wa Luella a hannu biyu, ya gyara furen da ya karkace, ya nufi akori-kurarsa yana fito.

"Yaya," in ji Luella. "Ba zai yiwu ba."

"Shekara sittin ina bin hanyar nan. A kaina take."

"Da yara a baya!"

"Ke za ki zama idona. Ki ce dama, ki ce hagu, ki ce tsaya. A hankali za mu je."

"Motocin alkama fa?"

"Kin riga kin ce i, Lulu. In kika janye yanzu, ni na tafi, ke kuma kin zama maƙaryaciya a banza."

Ta kama gwiwar hannun Luella, ta ja ta zuwa matakala, tana ƙirga taku a ƙarƙashin numfashi. Ɗaya. Biyu. Uku.

Junie ta manna fuska a gilashin mota tana ɗaga musu hannu.

Injin akori-kura ya tashi. Ta fara ja da baya.

"Harlan!"

Muryar ta fita tun Luella ba ta ba ta izini ba.

Ya taka birki, ya leƙo ta taga.

"Na'am, Inna?"

Faratan Adina suka nutse a hannun Luella.

A nan za mu dakata yau, 'ya'yana da jikokina, sai mun haɗu a shafi na gaba.